Yuraniyam da Ƙodar Ɗan Adam

A majalisarmu ta Runjin Sambo, da an ambaci yuraniyam sai hira ta koma kan bam. Ni kuwa ƙoda nake tunawa, ganin Arlit ta Nijar, inda ake haƙo shi tun 1971, ba baƙon wuri ba ne ga Hausawa masu neman abinci.

Akwai wanda ake kira ragowar yuraniyam, wato abin da ya saura bayan an tace na makamashi. Don nauyinsa ake ƙera harsasai masu huda tankar yaƙi da shi. Amurka ta harba kusan tan 300 a yaƙin Tekun Fasha na 1991. Tururin nukiliyar da yake fitarwa bai kai na ɗanyen yuraniyam ba, amma gubar ɗaya ce, domin ƙarfe ne mai nauyi irin dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Idan aka shaƙi ƙurarsa ko aka sha shi a ruwa, wani ɓangare yakan narke cikin jini. Ƙoda ta tace shi, amma a siraran bututun da ke mayar wa jiki sukari da gishiri sai ya maƙale, ya riƙa kashe ƙwayoyin wurin. Daga nan sukari da furotin su fara zuba cikin fitsari, mutum kuwa bai ji ciwon komai ba. Wannan shirun ne ya fi damuna.

Sai dai yawa ke kawo ɓarna. Sojojin Amurka masu ɓaraguzansa a jiki, waɗanda likitoci a Baltimore suka daɗe suna dubawa, fitsarinsu na ɗauke da yuraniyam amma ba a ga ƙodarsu ta lalace sosai ba.