Yawon Ganin Tarihi a Yola da Jimeta

Baƙon da ya sauka Jimeta ya ga motoci da kantuna da ofisoshin Gwamnati, sau da yawa yakan koma gida ya ce ya ga Yola. Alhali kuwa bai ga Yola ba, ƙanwarta ya gani. Garuruwan nan biyu ne, ko wane da mafarinsa. Nufina a nan in bi da mai karatu wuraren da suka cancanci gani, in kuma faɗi dalilin da ya sa ko wane yake inda yake.

In da ni ne jagora, daga ƙofar fadar Lamiɗo za mu fara, gama nan ne cibiyar garin. Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841. Shi kuwa malami ne Bafillace, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo don ya yi jihadi a ƙasar da Fulani ke kira Fombina, watau kudu. Da sunansa aka sami kalmar Adamawa. Bai fara zama a Yola ba. Ya zauna Gurin a bakin kogin Faro, sa'an nan ya ƙaura Ribaɗu, daga bisani ya zo nan. Sunan garin daga Fillanci ne, yolde, watau tudu. Wanda ya tsaya ya duba zai gane hikimar zaɓen wurin: ga tudun da ruwa ba ya ci, ga fadama a gindinsa wadda Binuwai ke cikawa da damina, in ruwa ya janye shanu su sami ciyawa har rani.

Modibbo Adama ya rasu a 1847, hubbarensa yana nan cikin garin. 'Ya'yansa huɗu suka gaje shi bi da bi: Lawal, da Sanda, da Zubairu, da Bobbo Ahmadu. Har yau sarautar tana gidansa. Lamiɗo Aliyu Musɗafa ya yi sarauta tun daga 1953 har 2010, shekara 57 ke nan, sa'an nan ɗansa Muhammadu Barkindo ya hau. A fadar akwai ɗakin ajiye kayan tarihi, inda ake nuna kayan sarauta da makaman mutanen da. Kusa da fadar ga babban masallaci, kamar yadda aka saba a biranen daular Sakkwato, fada da masallaci suna maƙwabtaka.

Wanda ya san Kano ko Katsina ko Zariya lalle zai tambaya, ina ganuwa? To, Yola ba birni ne mai ganuwa irin nasu ba. Muna da shaidar wannan daga wani Bature matafiyi, mutumin Jamus, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim. Ya iso Yola a watan Yuni na 1851, ya tarad da gari a buɗe, gidaje na ciyawa cikin manyan farfajiyoyi, ginin ƙasa kuwa sai na sarki da 'yan'uwansa. Bai daɗe ba, kwana kaɗan Lamiɗo Lawal ya sallame shi, domin daga Barno ya fito tare da 'yan rakiyar Shehun Barno, kuma a lokacin akwai jayayya tsakanin ƙasashen biyu.

Daga Yola sai mu gangara Jimeta, tafiyar 'yan mil kaɗan. Kogi ne ya haifi Jimeta. Binuwai ba ya ɗaukar manyan jirage sai ya cika da damina, saboda haka 'yan watanni kaɗan ne a shekara jiragen 'yan kasuwan Ingila ke iya hawowa daga Lokoja. Sarakunan Yola ba su saki jiki da kamfanin Turawan nan ba, har ya zama shekara da shekaru a cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kogi suke ciniki. Da wannan cikar ruwa ce kuma yaƙi ya zo. Ran 2 ga Satumba, 1901, Kanar Morland ya hawo da soja cikin jirage, aka gwabza a wajen fada da masallaci. Lamiɗo Zubairu yana da igwa biyu waɗanda wani Bafaranshe, Mizon, ya ba shi, amma duk da haka garin ya faɗi. Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1903. Turawa suka naɗa ƙanensa Bobbo Ahmadu, suka kafa barikinsu kusa da mashigin jirage. Fatake da ma'aikata daga ko ina suka taru a nan, Jimeta ta bunƙasa. Abin da ya sa ke nan za ka ji Fillanci ya fi yawa a Yola, Hausa kuwa a Jimeta.

In ka tsaya a bakin kogin ka dubi ƙetare, za ka hangi dutsen Bagale. Batawa ne mazaunansa, sun riga Fulani zama a wannan kwari, sun kuwa daɗe suna tare wa Yola hanya kafin Lamiɗo Lawal ya ci su. A kudu ga duwatsun Verre. Tarihin ƙasar nan ba na kabila ɗaya ba ne, kuma wanda ya ba da labarin Yola ya bar Batawa da Verre, rabin labari ya bayar.

In kuwa ka dubi gabas, inda ruwan ya fito, Kamaru kake duba. Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo duk a ƙarƙashin Yola suke a da. Da Ingila da Jamus suka ja iyaka a takarda, sai babban birnin ya faɗo wannan gefe, yawancin ƙasarsa ta faɗa wancan. Bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1961 wani yanki ya haɗe da Nijeriya. Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sa'an nan ta Jihar Adamawa a 1991.

Abin da ke damuna shi ne, irin wannan tarihi yana da saurin ɓacewa. Garin da aka gina da ƙasa da ciyawa ba ya barin kango mai daɗewa. Tsohon zaure in ya rushe, siminti ke maye gurbinsa, ba wanda ya auna shi balle ya ɗauki hotonsa. Ambaliya irin ta 2012 da ta 2022 takan ci gidajen bakin kogi, ta haɗa da takardun da ke ciki. Sauran labarin kuwa yana kan dattawa, su ma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya je wuraren nan, malami ne ko ɗalibi, ya tafi da littafi da alƙalami. Ya nemi izini kafin ya shiga fada ko hubbare, ya tuɓe takalmi inda ake tuɓewa. Ya gai da dattijon unguwa, ya tambaye shi ma'anar sunan unguwarsu da wanda ya fara zama cikinta, ya rubuta amsar da ranar da ya ji ta. Shafi ɗaya da aka rubuta bana zai yi wa jikokinmu amfani a lokacin da babu sauran wanda za su tambaya.