Kare a Gaban Alƙali, Zakara da Lauyansa

Yau kotu za mu leƙa, amma ku ajiye zancen fili da na sadaki, masu wutsiya da masu fukafukai ne a kan layi. Kowa ya gyara zama, alƙali ya shigo.

Tun 1804 dokar Faransa ta jera kare da kyanwa a sahun kayan da ake iya ɗagawa, wato su kujera da akwati, sai a 2015 majalisa ta gyara ta rubuta cewa halittu ne masu jin daɗi da jin zafi. Shekara 211 kafin a lura kujera ba ta haushi.

Jamusawa sun riga su, domin tun 1990 suka rubuta ɓaro-ɓaro cewa dabba ba kaya ba ce. Sai dai a cikin sashen nan dai suka ƙara da cewa dokokin kaya ne za su hau kanta, in ba inda aka faɗi akasin haka ba. An naɗa shi sarauta, an riƙe rawanin.

A Jamus ɗin ne kuma, a garin Ahlen, mahukunta suka bi wani iyali bashi har da harajin kare a ƙarshen 2018, da suka rasa abin ɗauka sai suka tattara karyar gidan suka sa ta a kasuwar intanet a kan yuro 750, da rubutun cewa lafiyarta garau. Wata 'yar sanda ta saya, ta tarar idanun karyar sai an yi musu tiyata, ta maka garin a kotu. An je karɓo bashi, an dawo da sabo.

Sifaniya ta kafa doka a Janairun 2022 cewa in aure ya mutu, alƙali zai duba wanda ya fi dacewa da riƙon dabbar gida, yana ma iya raba musu kwana. Tun kafin nan, a 2021, wata kotu a Madrid ta yanke wa wani kare mai suna Panda zaman wata ɗaya a nan, wata ɗaya a can, kuɗin magani kuma rabi da rabi. Kare da gida biyu, kwano biyu, ba kuma wanda zai kira shi agola.

A Amurka jihar Alaska ce ta fara wannan a 2017, Illinois ta bi a 2018, Kaliforniya a 2019, New York a 2021. A sauran wurare da dama har yanzu tambayar alƙali ɗaya ce: wa ya biya kuɗin, ina rasit? Wutsiya na iya kaɗawa har ta gaji, takarda ce ke magana.

Babbar kotun jihar Texas ta yanke a 2013 cewa in aka halaka maka kare bisa kuskure, kuɗinsa na kasuwa za a biya ka, ba na ƙaunar da ke tsakaninku ba. Abin da ya ƙara wa masu karen zafi shi ne a jihar ana iya biyan diyyar ɓacin rai a kan tsohon kayan gado da ba a maye gurbinsa. Hoton kaka na da farashin hawaye, kare kuwa sai na tsaye.

Ga wadda ta fi daɗewa a bakin mutane. A 1869 a jihar Missouri wani manomi da ake yi wa ɓarnar tumaki ya sa aka harbe karen farautar surukinsa, suka yi ta jan juna daga wannan kotu zuwa waccan har babbar kotun jiha, a ƙarshe aka ba mai kare dala 50. Tun 1958 gunkin karen ke tsaye a gaban kotun garin Warrensburg. Surukan kam ba wanda aka yi wa gunki.

A New York wani ya kwashi karnukansa yana bin yanyawa a guje, sai wani da ke wucewa ya kashe ta ya saɓa a kafaɗa. Kotu ta ce a 1805 bin dabbar daji ba mallaka ba ne, ta wanda ya kama ce, kuma har gobe da wannan shari'a ɗaliban lauya da yawa a Amurka ke buɗe karatun dukiya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Wannan tsohuwar ƙa'ida ce ta ci wata mata a Toronto ta Kanada. A Disamban 2012 ɗan birinta, sanye da rigar sanyi mai gashi, ya buɗe kejinsa da ƙofar mota ya shiga yawo a harabar wani katafaren kantin kayan ɗaki, jami'ai suka kama shi suka miƙa gidan renon birai. Ta je kotu tana cewa ɗanta ne, alƙaliya ta ce a 2013 biri naman daji ne, ranar da ya kuɓuce ranar mallaka ta ƙare. Ko rigar an mayar mata, wannan kuma tsakaninsu.

Wani birin kuma, a tsibirin Sulawesi na Indunusiya, ya danna kyamarar wani Baturen Ingila a 2011 ya ɗauki kansa yana washe haƙora, hoton ya zagaya duniya. Masu kare haƙƙin dabbobi suka shigar da ƙara da sunansa a Amurka a 2015 wai shi ne mai hoton, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2018 dokar haƙƙin mallakar fasaha ba ta san biri ba. Shi gogan yana can kan reshe, bai ma san yana da lauya ba.

Wata attajirar otal-otal a New York ta rasu a 2007 ta bar wa 'yar ƙaramar karyarta dala miliyan 12, jikokinta biyu kuwa ko sisi. Alƙaliya ta zaftare rabon karyar zuwa miliyan 2, kuma cikin abin da ya rage har da kuɗin mai gadi, don an yi ta aiko mata da barazana. Arziki ko a wuyan kare da maƙiyansa yake zuwa.

A tsibirin Oléron na Faransa, wasu 'yan fansho masu gidan hutu suka kai ƙarar zakaran maƙwabciyarsu mai suna Maurice, wai cararsa na hana su barcin safe. Kotu ta wanke zakara a 2019 ta ce su biya mai shi yuro 1,000, sannan a 2021 ƙasar ta yi dokar kare sautuka da ƙamshi, har da wari, na karkara. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko da lauya sai ya yi.

A Suwizalan tun 2008 laifi ne ka ajiye ɓeran Masar shi kaɗai, domin doka ta ce mai son jama'a ne, kaɗaici cutarwa ne gare shi. To in ɗaya ya mutu fa? Nan wata mata a kusa da Zurich ta ga kasuwa, ta shiga ba da hayar ɓeraye su taya wanda aka bari zama har nasa wa'adin ya cika. Zaman takaba da ɗan rakiya na haya.

Yankin Zurich ɗin ya taɓa samun lauya na musamman mai tsaya wa dabbobi, wanda a 2010 ya gurfanar da wani masunci don ya ɗauki kusan minti 10 yana ja-in-ja da wani ƙaton kifi kafin ya fito da shi. An sallami masuncin, kuma a shekarar 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'a, kashi 70 cikin 100 suka ce ba sa son a yi irin wannan lauya a ko'ina. Wanda aka yi dominsa kuwa tuni ya sha mai da gishiri.

Dokar hanya ta Birtaniya ta 1988 ta ce in ka buge kare, doki, saniya, jaki, alfadari, tunkiya, akuya ko alade dole ka tsaya ka ba da rahoto. Kyanwa ba ta cikin jerin, amma ita ma ta samu nata, don in ta haura katangar maƙwabci ba a kama mai ita da laifin ƙetare iyaka. Ba ta da diyya, ba ta da shinge, hajiya ta zaɓi yawo.

Don a rage musun naka ne ko nawa ne, Ingila ta wajabta dasa wa kare 'yar ƙwayar na'ura a ƙarƙashin fata tun 2016, kyanwa kuma tun Yunin 2024, wanda ya ƙi tara har fam 500. A shekarar ce kuma satar kare ko kyanwa ta zama laifi mai zaman kansa, ɗauri har shekara 5. Ɓarawon mage yanzu sai ya yi lissafi.

Har yau a Ingila farin tsuntsun ruwan nan mai dogon wuya, babban yayan dinya, in yana ruwan kowa kuma ba shi da shaidar wani, sarauta na da ikon cewa nata ne, kuma wata shari'a ta 1592 ta tabbatar da haka. Duk watan Yuli sai a fito da kwale-kwale a kogin Thames, da tutoci da jajayen riguna, a ƙidaya su a auna 'ya'yansu. Jangali ba biya, sai ƙirga.

Tsohuwar dokar Wales, wadda ake dangantawa da wani sarki na ƙarni na 10, ta yanka wa kyanwa farashi daki-daki: kwabo ɗaya kafin ta buɗe ido, biyu kafin ta kama ɓera, huɗu in ta fara aiki. Wanda ya kashe mai gadin rumbun sarki kuwa, a riƙe ta ta wutsiya kanta na taɓa ƙasa, ya yi ta zuba alkama har tsibin ya rufe bakin wutsiyar. Mai niyyar ɓarna sai ya nemi gajeriya.

A Babila, shekara sama da 3,700 da suka wuce, sa in ya tunkuyi mutum a hanya karon farko ba a bin mai shi komai. Amma in an riga an faɗa masa san nan mafaɗaci ne, bai ɗaure shi ba, bai dakushe ƙahon ba, to azurfa zai auna. Tunkuyin farko kyauta ne.

Mu dawo gida kaɗan, don malamanmu na Malikiyya sun daɗe da raba wannan gardama: ɓarnar da dabba ta yi a gona da dare mai dabba ne zai biya, da rana kuwa tsaron gona na mai gona ne. Raƙumin da ka gani shi kaɗai a sahara ka bar shi, zai kai kansa, amma tunkiyar da ka tsinta a dajin da ba kowa, an yarje maka ka ci kafin kura ta riga ka. A lura, an ce daji, ba bayan gidan maƙwabci ba.

Mu a nan akuya in ta ɓata sai cigiya, a leƙa gidan mai unguwa, mai ita ya faɗi tsagar kunne da launin ƙafa. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya kuwa, a 2020, mutum biyu suka yi ta rantsuwa a kan ɓauna ɗaya, 'yan sanda suka gaji suka kwance ta suka ce kowa ya kira, ta miƙe ta nufi ɗaya ba ta ko waiga ɗayan ba. Shaida mai ƙafa huɗu, ba a saye ta da goro.

A Ilori, a Janairun 2009, 'yan sintiri suka kai wa 'yan sanda akuya, wai ɗan fashi ne da ya so satar mota ya rikiɗe da aka rutsa shi. Aka tsare ta, labari ya kai har jaridun Turai. Wanda ake zargi ya ƙi cewa komai sai mee.

A jihar Queensland ta Ostireliya kiwon zomo a gida haramun ne da tara mai nauyi, kuma suna da hujja, don zomaye 24 da aka saka a ƙasar a 1859 sun hayayyafa sun cinye makiyaya. Cikin 'yan tsirarun da ake ba lasisi akwai masu wasan rufa-ido. In kana son zomo, fara koyon fito da shi daga hula.

Reykjavik, babban birnin Aisilan, ya hana ajiye kare daga 1924 har 1984 saboda wata tsutsar ciki da ke kama mutane, kyanwoyi suka gaje tituna. Singafo kuma kyanwa ta hana a gidajen gwamnati sama da shekara 30, sai a Satumban 2024 aka ce kowane gida na iya ajiye biyu. Da masu haƙuri sun yi musayar baƙi.

Birnin Turin na Italiya ya fito da ƙa'ida a 2005 cewa a fita da kare yawo sau uku a rana, in ba haka ba tara har yuro 500. Mai ciwon gwiwa ya nemi kifi.

Da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a 2005, an kwashe mutane an bar dabbobi, masu ceto suka rarraba su ga sababbin gidaje a jihohi masu nisa, bayan ruwa ya janye tsofaffin masu su suka biyo sawu da lauyoyi. Wannan ya mai da kare ɗa, wancan kuma karen ne kaɗai abin da ruwa ya bar masa, ga kuma dokar 2006 da ta ce a riƙa sa dabbobi cikin shirin kwashe jama'a. Nan kam ba wurin dariya, mu wuce.

Wata kotu a Ajantina ta kira wata goggon biri mai suna Sandra mai haƙƙi ko da ba mutum ba ce, aka ɗauke ta daga gidan namun daji zuwa wurin hutu a Florida a 2019. Giwa mai suna Happy ta nemi irin wannan a New York a 2022, tana da shaidar gane kanta a madubi, alƙalai 5 suka ce a'a, 2 suka ce i. Sa'a ta fi girman jiki.

A Ekwado wata birinya ta shekara 18 a gidan wata mata, hukuma ta ƙwace ta a 2019, ba ta cika wata guda a gidan namun daji ba ta mutu. Kotun tsarin mulki ta ce a 2022 an tauye haƙƙinta, kuma ta ɗora laifin a kan hukumar da ta ƙwace da matar da ta raba ta da daji tun tana jaririya. Kowa ya shigo da hujja, kowa ya fita da kashi.

Kada kuma a ɗauka abin na zamani ne. A garin Falaise na Faransa a 1386 an yi wa wata aladiya shari'a kan kisan yaro, aka sa mata tufafin mutane aka rataye ta a bainar jama'a, a Basel kuma a 1474 an ƙone zakara da laifin yin ƙwai. Kazar da ta yi ƙwan dai ba ta zo ba da shaida ba.