Ko ka sani? Asun da ke tashi bai taɓa cin rigar kowa ba

Ɗan ƙwaron nan mai ruwan ƙasa da ke fitowa a guje idan an buɗe tsohuwar adaka, shi ake ɗora wa laifin huda tufafi, alhali ko abinci ba ya ci. Macen tana saka ƙwai kamar 40 zuwa 50 a cikin ninkin tufa, ba da jimawa ba ta mutu. Mai ɓarnar ita ce 'yar farar tsutsar da ke ƙyanƙyashewa, wadda cikinta ke iya narkar da ulu, alharini da gashin tsuntsu. Auduga zalla ba ta dame ta ba, sai in ta sha gumi ko maiƙo.

Tsutsar nan ba ta shan ruwa. Daga zaren da take ci take samun laima, shi ya sa ɗaki mai duhu, mai ɗumi, mai danshi ya zama aljannarta. A nan masu kula da gidajen tarihi suka kama lagonta. Maimakon su yi ta barbaɗa kafur, wanda ke cutar da ma'aikata, sai su sarrafa iskar ɗakin. Na'urar tsotse danshi tana riƙe laimar iska a wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, zafin ɗakin kuma ana riƙe shi a kusan digiri 18 zuwa 20. Sanyin yana rage wa asu saurin hayayyafa. In laima ta haura kashi 65, hunhuna ta samu ƙofa. In ta faɗi ƙasa sosai, tsohon zare ya bushe ya riƙa karyewa. Abin da ya fi wahalar da tufa shi ne hawa da saukar laimar, irin abin da rigar saki mai aikin tsamiya ke sha tsakanin damina da hunturu.

Tufar da asu ya riga ya kama kuwa, a kan naɗe ta cikin leda a rufe ruf, a sa ta a firiza mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifili na kwana uku. Ƙwai da tsutsa duk sai su mutu.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta gidan Blickling Hall da ke Ingila, inda ake ajiye da wata babbar saƙar bango mai hoton Sarki Bitrus na Rasha. A 2021 ƙungiyar National Trust mai kula da gidan ta saki wasu ƙananan zanzaro a ɗakunan, kowanne tsawonsa kusan rabin milimita. Ba sa harbin mutum. Aikinsu su nemo ƙwan asu su saka nasu ƙwan a ciki, sai zanzaro ya fito a maimakon tsutsa. In ƙwan asu ya ƙare, su ma sai su mutu, a share su tare da ƙurar ɗaki.