Me Ya Sa Hopi Ke Kare Kufan Kakanninsu?

A wurin ƙabilar Hopi ta Arizona a Amurka, kufan gidajen dutse da fasassun tukwanen da ke warwatse a yankin sawun kakanni ne, shaidar cika alkawarin ƙaura da suka ɗauka wa Masau, majiɓincin ƙasa. Shi ya sa tone kaburbura ke yi musu ciwo, kuma gaskiyarsu ce. Wasu masu binciken kayan tarihi na cewa taƙaita tono zai tauye ilimi. Ai Hopi ba su ƙi bincike ba, ofishinsu na adana al'adu yana aiki da masana. Shawararsu suke so a nema tukuna. Wata dokar Amurka ta 1990 ta ba su damar karɓo ƙasusuwan kakanni, a 2006 kuma suka sake binne na mutum fiye da 1,500 a wani wurin tarihi mai suna Mesa Verde.