Ciwon Asma: Maganin Shaƙa da Fararen Ƙwayoyin Jini

Yau hirarmu a kan ciwon asma take, wanda waɗansu ke ce wa fuka. Kada ku haɗa shi da tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, kuma ana ɗaukarsa. Ciwon asma kuwa ba a ɗaukarsa, ko da kwano ɗaya kuke ci da mai shi.

Kun san halin hunturu a ƙasar Gure. Daga Nuwamba zuwa Maris iska na kwaso ƙura tun daga Bodele ta ƙasar Cadi, ta zuba mana. Ga kuma hayaƙin murhu a ɗaki rufe. A lokacin nan ne mai asma ke kwana zaune, ƙirji na fito, numfashi na gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke da ciwon, kuma ya kashe mutum 455,000.

To, me ke faruwa cikin ƙirji? Iskar da muke shaƙa tana bin ƙananan hanyoyi cikin huhu. Kowace hanya akwai tsoka da ta zagaye ta, kamar igiya a bakin salka. In ciwo ya tashi sai tsokar ta ɗaure. Wannan abu na farko ke nan. Na biyu, cikin hanyar yana kumbura, ya cika da majina.

Kumburin nan aikin fararen ƙwayoyin jini ne. Jininmu yana da jajayen ƙwayoyi da farare, ba a ganinsu sai da madubin likita. A ɗigo mai girman kan allura jajaye sun kai miliyan 5, farare kuwa ba su cika wuce dubu 11 ba. Fararen su ne dogaran jiki, su ke yaƙi da cuta. Amma a jikin mai asma sun cika zafin kai. Ƙura kaɗan ta shiga, sai su taru a huhu kamar an kawo hari, su zuba ruwan yaƙinsu. Ruwan nan shi ke kumbura hanya.

Da yawanku kun san ɗan famfon nan shuɗi, Ventoline. Sunan maganin da ke ciki salbutamol. A Ingila aka haɗa shi, ya shiga kasuwa a 1969. Aikinsa kwance igiya. Cikin minti 5 mutum ya ji sauƙi, sauƙin ya kai awa 4 zuwa 6.

Masu bincike sun gwada shi a kan ƙwayoyin nan cikin kwalba, suka ga yana ɗan sanyaya su, su rage zuba ruwan yaƙi. Haka ma wani tsohon magani, teyofilin. Labari mai daɗi, amma ku ji sauransa. In ana shaƙar shuɗin kullum, dogaran sai su saba da shi, su daina jin maganarsa. Igiya ta kwance, kumburi na nan daram, har yana ƙaruwa a ɓoye. Mutum ya ga kamar ya warke, ran nan ciwo ya taso masa da ƙarfi tsakar dare, ga gidan likita da nisa.

Ku dubi mai gida a gindin tudun rairayi. Kowace safiya yana kwashe rairayi daga ƙofa da shebur, gobe ya dawo. Maƙwabcinsa kuwa ya kafa shinge a kan tudun, ya dasa itatuwa. Shuɗin famfo shebur ne, ba a rabuwa da shi. Shingen shi ne famfo na biyu, mai maganin kumburi, irin su bekulometazon, wanda aka fara aiki da shi a 1972. Shi ba a jin aikinsa nan take, sai an yi kwanaki ana shaƙa yadda likita ya ce, ko da lafiya lau ake ji. Nan ne mutane ke gajiya su aje, su ce ba ya aiki. Wallahi yana yi. Tun 2019 ƙungiyar likitocin asma ta duniya, GINA, ta ce kada babban mutum ya dogara ga shuɗin kaɗai. In kun gama shaƙarsa ku kurkure baki da ruwa.

In kuna ɗaukar shuɗin fiye da sau 2 a mako, ku gaya wa ma'aikacin lafiya. Ku roƙe shi kuma ya nuna muku yadda ake huda gindin gorar roba ta rabin lita, a sa famfo, yaro ya shaƙa ta bakin gorar. Haka magani ya fi isa huhu.

In kuwa an shaƙa ba sauƙi, ko magana ta gagara, ko leɓe ya sake launi, kada ku jira gari ya waye. A ci gaba da ba shi shuɗin a hanya, a kai shi gidan likita a zaune, kada a kwantar da shi.