Daga Bakin Kanal Zuwa Ƙololuwar Dutse

Duk wanda ya tashi a Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Da damina shinkafa iya ganinka, da rani kuma alkama da tumatir da albasa. Shi ya sa da yawa daga cikinmu idan muka ga masu hawan tsauni a talabijin sai mu ɗauka harkar Turawa ce, ko ta mutanen Jos. Alhali ruwan da muke ban-ruwa da shi daga duwatsu yake gangarowa.

Ku bi kanal ɗin da ya ratsa Kadawa ku yi kudu, zai kai ku Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ita kuma Tiga Kogin Kano ne yake cika ta, shi kuwa kogin daga tuddan kudancin jihar yake tasowa, inda ƙasar Kano ta fara ɗagawa tana tunkarar tsaunukan Filato. A can ne duwatsun Riruwai suke, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Su ne mafi tsayi a Jihar Kano, sun haura mita 1,000 daga doron teku. Tun kafin a je can ma, wanda ya bi hanyar Rano zuwa Rurum zai ga yadda manyan duwatsu suka tsaya cirko-cirko a tsakiyar gonaki.

To amma ganin dutse daban, hawansa daban. Masu wannan harka sun kasa ta gida uku. Akwai tafiya a kan turba, ƙafa kaɗai ke aiki, irin hawan Dala a birnin Kano, wanda aka yi wa matakala. Akwai hawa da igiya a jikin miƙaƙƙen dutse, wannan sai wanda aka horar kuma yake da kayan aiki. A tsakaninsu akwai wanda za mu iya kira hawan dafe, inda turba ke ƙarewa, mutum ya koma amfani da hannu da ƙafa kamar mai rarrafe. A ganinmu wannan na tsakiyar ya fi yaudara, domin daga ƙasa yana kama da abin da kowa zai iya, kuma babu igiyar da za ta tare wanda ya zame.

Ga abin da ke sa duwatsunmu wuyar sha'ani. Yawancin na wajen Rano sulɓaɓɓu ne, masu ƙoƙon kai kamar an kife ƙwarya. Shekara da shekaru rana na gasa su, sanyin dare na kama su, ruwa na shiga tsagunansu, har bayansu ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Sai ka ga falle ya zauna daram, ashe ƙarƙashinsa rami ne. Ƙwararru kan ƙwanƙwasa shi da hannu kafin su ɗora nauyinsu. Idan ya yi amo irin na ganga, sai su canja wuri. Suna da wata ƙa'ida kuma: cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kasance a dafe kafin a motsa na huɗun. Wani abin da sabon shiga ba ya yarda da shi sai ya gwada shi ne, manne ciki da dutse saboda tsoro shi ke sa ƙafa ta sulɓe. Idan ka ɗan miƙe, nauyinka ya sauka kan tafin ƙafa, sai takalmi ya fi kamawa.

Takalmin ma abin dubawa ne. Silifas da muke shiga fadama da shi ba shi da wurin zama a kan dutse. Kambas mai taushin ƙasa, mai igiyar ɗaurewa, shi ne daidai.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina falalen dutse da ya jiƙe ya fi sabulu santsi, musamman inda gansakuka ta kwanta, ga kuma tsawa da ke neman abin da ya fi komai tsayi. Mu da muka saba hango hadari daga gabas tun yana nesa, mu sani cewa wanda ke bayan dutse ba ya ganinsa sai ya iso kansa. A watannin Maris da Afrilu kuwa, kafin azahar dutse ya yi zafin da hannu ba zai iya dafa shi ba. Nuwamba zuwa Janairu ya fi, a fita da sassafe, ko da yake ranar da hazo ya yi kauri za ku sha wahalar hawa ku tarar babu abin kallo. Kada kuma a zura hannu cikin tsaga ba a duba ba. Maciji da kunama nan suke fakewa, kuma zuma kan yi saƙa a kogo.

Masu son lissafi, ga naku. A 1892 wani mahayin tsauni ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar da ƙiyasin da har yau ake amfani da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5 ta tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ke nan tafiyar kilomita 5 mai hawan mita 300 za ta ci awa ɗaya da rabi. Wannan na lafiyayyen mutum ne a kan turba mai kyau, ban da hutu, ban da wuraren dafe. Amfaninsa shi ne a tsayar da lokacin juyowa tun kafin a tashi, kuma idan ya cika a juyo, ko da ƙololuwa tana gaban hanci. Saukowa ta fi hawa haɗari: gwiwa ta gaji, ruwan gora ya ƙare, kuma ido ba ya ganin inda ƙafa za ta sauka. Hatta a Everest, tsauni mafi tsayi a duniya mai mita 8,849, da yawa daga waɗanda suka rasu a kan hanyar saukowa ajali ya riske su.

To me ake samu a sama da ya kai wannan wahala? Daga kan dutse a ƙasar Rano, ranar da sama ta washe da rani, za ku ga darasin jogirafi a shimfiɗe: inda ruwa ya kai kore shar, inda bai kai ba ja wur, iyakar a fili kamar an ja layi da rula. Akwai tarihi kuma. An samu shaidar cewa tun ƙarni na 7 ake narka tama a Dala. Littafin Tarihin Kano ya kawo yadda Dutsen Santolo ya daɗe yana gagarar sarakunan Kano, sai a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, aka ci shi. Wanda ya taɓa dafe dutse yana haki ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalili.

Ƙannenmu 'yan sakandare, shawararmu a bi abin daki-daki. A fara da Dala da Gwauron Dutse. Daga nan ƙungiyar jogirafi ko 'yan sikawut na makarantarku su nemi malami ya shirya fita zuwa ƙananan duwatsun Rano, da yardar iyaye. Riruwai sai an ƙware, haka duwatsun Shere na Jos masu mita 1,829, balle Chappal Waddi na Jihar Taraba, mai mita 2,419, wanda babu kamarsa a Najeriya. Hanyar Riruwai ta Tudun Wada tana ratsa Dajin Falgore, inda aka yi fama da ɓarayin shanu a shekarun baya, don haka wajibi ne a tambayi halin da ake ciki kafin a kama hanya.

Ko wane dutse za ku, ku fara sauka ƙofar dagaci ko mai unguwa ku gaishe shi, ku nemi izini, ku roƙi ya haɗa ku da ɗan gari. Mafarauta da makiyaya sun san ta ina ake hawa, wane kogo ne mai zuma, da kuma gefen da masu fasa dutse ke aiki. Kada ku gaza mutum huɗu: idan ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su sauko neman taimako.