Saƙon da ya sa Gwaggo ta ajiye maganinta

Saƙon murya ne na kusan minti shida. Mai maganar yana tafiya a natse kamar likita, amma bai faɗi sunansa ba, bai kuma faɗi inda yake aiki ba. Sau uku aka turo shi zauren WhatsApp na danginmu cikin mako guda, ban tanka ba. Sai da na je gaida Gwaggo na tarar da kwalin maganinta na hawan jini a kan talabijin, ko ɓare shi ba a yi ba. Ta ce, "Ai na warke, 'yar nan. An auna ni a kemis an ce ya sauka, kuma kaina ba ya ciwo. Zoɓo nake sha yanzu."

Aikina jinya ne, kuma raina ya ɓaci da wanda ya naɗi wannan saƙo ya sake shi cikin jama'a.

Abu ɗaya ya faɗa daidai: gishiri yana tayar da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Amma maganarsa cewa ruwan sanyi bayan abinci yana daskarar da mai a jijiyoyin zuciya ba ta da tushe. Tsira wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye allura a yatsu kuwa ɓata lokaci ne, a daidai sa'o'in da ya kamata a ce yana asibiti.

Wadda ta fi ɓarna ita ce wadda Gwaggo ta ɗauka: wai mai hawan jini yana jin sa a jika, idan ba ciwon kai kuma awo ya sauka to an warke, a bar maganin bature kafin ya cinye ƙoda.

Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna cewa babba ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Na sha ɗaura na'ura a damtsen mutumin da ya rako wani asibiti yana raha, awo ya haura 180. Na kuma auna masu kukan ciwon kai na samu jininsu lafiya lau.

Saukar awon kuma fa? Maganin ne ya sauke shi. Yana riƙe jinin ne muddin ana sha, idan an bari sai ya koma inda yake cikin kwanaki ko makonni, shiru ba sanarwa. Batun ƙoda ma an juya shi ne: hawan jinin da aka ƙyale, tare da ciwon suga, su ne kan gaba wajen kai mutane wankin ƙoda. Wasu magungunan, irin su lisinopril, har don kare ƙodar ake ba da su, ana bin su da gwajin jini.

Zoɓo yana da ɗan abin da za a faɗa a kansa. Wasu ƙananan bincike sun nuna yana rage awo kaɗan. Iyakarsa ke nan. Bai kai a ajiye magani dominsa ba, balle irin namu da ake cika wa suga.

Shi kansa awon kemis ɗin da Gwaggo ta dogara da shi, yaya aka yi shi? Awo na gaskiya yana da ƙa'ida. Mutum ya zauna minti 5 ya huta, bayansa a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a ɗore daidai tsayin zuciya, ba hira. Ya riga ya yi fitsari, kuma rabin awa kafin nan ba taba, ba kofi, ba goro. Ƙyallen da ake ɗaurawa ya dace da damtse: idan ya yi ƙanƙanta lamba za ta hau, idan ya yi girma ta faɗi. Ba a yanke cewa mutum yana da hawan jini sai an samu 140/90 ko sama a ranaku biyu daban. Awo ɗaya bai isa a ce kana da shi ba, ta yaya zai isa a ce ya tafi?

Lambar ma ba ita kaɗai muke dubawa ba. Muna taɓa wuyan hannu mu ji bugu, wanda ga babba a hutu yake tsakanin 60 zuwa 100 a minti, mu lura ko yana tsalle. Muna danna idon sawu da babban yatsa mu ga ko wurin zai lotsa, mu duba jijiyar wuya, mu tambayi matashi nawa mutum ke tadawa kafin ya iya numfashi da dare. Daga nan ake gane zuciyar da ta fara gajiya.

Ban ga laifin Gwaggo ba. Magani ya yi tsada, kuma ba wanda ke son a ce masa zai sha ƙwaya har iya rayuwa. Da na matsa mata, ta nuna mini ƙafarta ta ce kumburi take yi tun da ta fara shan amlodipine. Wannan gaskiya ne, yana sa wasu haka, kamar yadda lisinopril ke sa wasu busasshen tari. Idan hakan ta faru likita yakan rage shi ko ya sauya wani, domin magungunan iri-iri ne.

Na zaunar da ita, ta tofar da goron bakinta, muka jira rabin awa. Na auna sau biyu, duka sun haura 170/100. Ta kalli na'urar ta ce, "Amma wallahi ba na jin komai." Washegari da safe na kai ta wurin likitanta aka sauya mata maganin.